Shekarar da Na Hana Baba Ciyayya

Nana da Sadiƙu, kun sha jin Gwaggo Asabe, ƙanwar kakanku, tana cewa ni ce na raba Baba da mutane. Ba ta taɓa faɗin haka da mugunta ba. Takan faɗa ne tana tsinke zogale a tire, kamar mai ba da labarin ruwan da aka yi bara, ni kuma in yi murmushi in tashi in ba ta wuri. Yanzu ita da Baba da Inna duk sun riga mu gidan gaskiya, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalina, na ga idan ban rubuta muku yadda abin ya kasance ba, maganarta kaɗai za ta rage a kunnuwanku. Ba ƙarya ta yi ba. Rabin labarin ta sani.

Gidanmu na Gada Biyu ɗaki huɗu ne da tsakar gida mai bishiyar gwaba ɗaya. Da damina hazo kan sauko daga kan duwatsu ya kwanta a rufin kwano har hantsi, sanyi ya shiga ƙashi, Inna ta fito da rigar sanyi biyu a jikinta tana hura gawayi. Ni kaɗai ce mace a cikin 'ya'yan gidan, kuma sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Yarinya ce ni mai yawan zama shiru. Ina iya ɓata rabin yini ina kallon yadda ruwa ke ɗigowa daga indararo, ɗigo yana taruwa yana nauyi, yana jira, sannan ya saki. Inna takan ce tunanina zai ƙona mata tuwo wata rana, kuma ya ƙona ba sau ɗaya ba. Kowa ya ɗauka adabi zan karanta, don ina da littafin da nake ɓoye waƙoƙina a ciki. Sai na karanta lissafi. A wurina ban ga wata tazara tsakaninsu ba, duka biyun neman gajeriyar hanya ce ta faɗin abu mai tsawo.

Baba katako yake sayarwa a kasuwar Katako tun kafin a haife ni. Kowace safiya zai ɗaure langarsa ta abincin rana da adiko a bayan tsohon babur ɗinsa, wata farar langa mai zanen jan fure da murfinta ya ɗan ɓare a gefe, ya tafi. Da la'asar ya dawo yana ƙanshin maɗaci, garin katako a girarsa, langar kuma fes kamar an wanke.

A shekarar da nake ba ku labari ina tsakiyar digiri na biyu. Lokacin wayar hannu ba ta daɗe da zuwa ba, aikina kuma a kan ƙananan faifai na kwamfuta nake adana shi, in naɗe su a hankici don kada sanyin damina ya lalata su. Malamin da ke duba aikina, Dokta Dalyop, dogon mutum ne mai magana a hankali, alli bai taɓa barin yatsunsa ba. Shi ya sa ni a hanyar binciken da har yau nake kai, wato amfani da lissafin canji don fahimtar abin da ke faruwa a jikin ɗan Adam. Lissafin canji ba ya tambayar nawa ne abu, yana tambayar da wane sauri yake ƙaruwa ko raguwa, kuma me ke jansa. Nawa aikin a kan ciwon suga ne. Layi ɗaya na lissafin yana bin sugan da ke cikin jini, layi na biyu yana bin insulin, sinadarin da jiki ke fitarwa don kwashe sugan. Kowanne yana jan ɗan'uwansa, kuma ba a take suke amsa wa juna ba, akwai jinkiri a tsakani. Sai abu na uku, wanda ake zubawa daga waje: abincin da mutum ya ci. Wahalar ita ce irin wannan lissafi ba ya tafiya a miƙe. Ka ninka abinci sau biyu, ba lallai sugan ya tsaya a ninki biyu ba. Wata rana na yi ta ƙoƙarin bayyana wa Baba wannan a gindin gwaba, ina zane a ƙasa da tsinke, har ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Uwata, ai wannan mu ma muna yinsa a kasuwa. Ɗauki katakon tu-bai-fo ki gitta a kan bulo biyu. Ɗora buhun siminti ɗaya, ya ɗan lanƙwasa. Ɗora na biyu, ya ƙara kaɗan. Na uku ma haka. Kina ɗora na huɗu sai ki ji ƙas! Na huɗun bai fi na farko nauyi ba, katakon ne ya kai maƙurarsa."

Washegari na maimaita wa Dokta wannan magana. Ya daɗe yana kallon allo, sannan ya ce in gaya wa Baba akwai kujerarsa a sashenmu duk ranar da ya gaji da kasuwa.

Ban san cewa lissafin zai shigo gidanmu da ƙafarsa ba. A farkon damina ƙusa ta soki Baba a ƙasan babban yatsan ƙafar dama. Bai ma ji ba, sai da Inna ta ga jini a takalminsa. Mako biyu, uku, ciwon ya ƙi kamewa, bakinsa ya fara baƙi. Da ƙyar muka kai shi asibiti. Likitan ya gwada jininsa, ya rubuta magani, sannan ya fito da ni waje ya ce suga ne, kuma ya daɗe a jikinsa.

"Idan sugan nan bai sauka ba, za mu fara maganar cire yatsan," in ji shi. "Kuma ki sani, yatsa ba kasafai yake tafiya shi kaɗai ba."

Daga ranar gidanmu ya koma kamar ɗakin gwaji. Inna ta ajiye shinkafa da sakwara, ta koma acca, wannan ƙaramar ƙwaya ta mutanen tudu da likita ya ce ta fi masa sauƙi idan an auna. Da gwangwanin madara take aunawa, ta yi tuwonta ko gwate, wato fatenta, da ganye mai yawa. Ni kuma na samo na'urar gwada suga, ina huda yatsan Baba da safe kafin ya karya, in sake hudawa da la'asar idan ya dawo, in rubuta a littafi. A gefe guda nakan rubuta abin da Inna ta zuba a langa. A jami'a in shigar da komai cikin kwamfuta, idan akwai wuta, in jira ta zana mini layin da sugan Baba ya kamata ya bi. Na ji daɗin wannan aiki fiye da yadda ya kamata 'ya ta ji. Na ga kamar Allah ya ba ni ilimin daidai lokacin da za a buƙace shi.

Amma layin ya ƙi gaskata ni. Awon safe yakan zauna kusa da shi, na la'asar kuwa can sama yake tashi, nesa, kamar shaho. Na yi sati biyar ina zargin lissafina. Na canza jinkirin da ke tsakanin suga da insulin, na ƙara wani sashe, na cire wani, na sake warware komai da hannu a kan takardu har gefen hannuna ya yi baƙi da fensir. Ciwon kuma yana nan, kullum Inna ta kwance bandeji sai ta kau da kai. Ranar da na kai wa Dokta Dalyop zanen a karo na huɗu, ya sa tabarau ya bi ɗigon da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Waɗannan da suka zauna a kan layi, wace rana ce?"

Na duba littafi. "Lahadi ce, Dokta. Dukansu."

"Me ya bambanta Lahadi?"

"Ba ya zuwa kasuwa. A gida yake yini."

"To. Sauran ranakun, kin ga abincin ya shiga bakinsa?"

"Langar tana dawowa fes, Dokta."

"Safiya, ban tambaye ki langa ba."

Washegari, ana gab da azahar, na sauka a Katako. Injin yanka yana kuka, garin katako ya jiƙe da ruwan safe yana manne wa takalmi. Na tsaya bayan wani tarin falanki inda nake hangen rumfar Baba. Na ga an gitta faffaɗan katako a kan bulo, maza biyar sun kewaye shi, kowa ya wanke hannu a bokiti ɗaya. Sai kowa ya buɗe kwanonsa ya tura tsakiya. Ciyayya suke yi, irin wadda na san maza na yi a ƙofar gida, kowa ya kawo nasa a ci tare, ba a cewa wannan na wane ne. Ban taɓa kawo wa raina cewa ana yinta a kasuwa ba, kuma a gidanmu ba wanda ya taɓa ambata, don abu ne da ya fi ƙarfin a ambata, kamar a ce mutum yana numfashi. Ina kallo Baba Gyang ya miƙa hannu ya jawo langarmu gabansa. Shi ne mai rumfar da ke manne da ta Baba, Kirista ne ɗan asalin ƙauyukan bayan Vom, kuma shi ya haɗa mini teburin karatuna na farko da guntayen katako ina 'yar aji ɗaya.

"Sabo, matarka ta sake yin abin kirki," ya ce da Baba. "Allah ya bar maka ita, don kai ba ka cancanta ba."

"Ci ka yi shiru, tsohon banza. Miƙo shinkafar nan."

Baba ya ci shinkafar Baba Gyang da miyar ja. Ya ci sakwarar wani. Ya ɗan taɓa accar Inna loma biyu don kada a ce bai taɓa ba. Daga ƙarshe aka zagaya da jarkar kunun zaƙi, ya ɗaga kai ya sha. Yana dariya, irin dariyar da ban taɓa jin ya yi a gida ba, har yana dukan cinya. Baba Gyang ne ya fara hango ni.

"A'a, Farfesa! Yau lissafi ya ƙare ne? Zo ki sa albarka, akwai saura."

Na gaishe su, na ce wucewa nake yi. Baba bai ɗago ya dube ni ba.

Da la'asar na jira ya yi salla, sannan na shiga ɗakinsa da littafina da zanena. Inna tana bakin ƙofa tana kwance masa bandeji. Na ce masa abin da na gani. Bai musa ba. Na ce to ya zauna da su mana, amma ya ci nasa shi kaɗai.

"Uwata, kin yi karatu amma ba ki san kasuwa ba. Shekara ashirin da wani abu hannuna yana shiga kwanon Gyang. A garin nan yanzu, bayan rikicin da aka yi, da kowa ke kallon maƙwabcinsa ta wutsiyar ido, in wayi gari in janye hannuna daga abincinsa? Me zai ɗauka? Me sauran za su ɗauka?"

"Sai ka gaya musu gaskiya, Baba. Ka ce likita ne ya hana."

"In yi tallan ciwona a kasuwa? Gobe duk wanda ya zo sayen katako ƙafata zai riƙa kallo. A fara cewa Sabo ya ƙare, a fara yi mini sannu kamar mai jego." Ya nuna ni da yatsa, abin da bai taɓa yi ba. "Ke ma ban yarda ki faɗa ba. Idan maganar nan ta fita daga bakinki, ban yafe ba."

Ku da kuka taso a wani zamani, ban sani ba ko za ku gane nauyin wannan kalma daga bakin uba. Ta rufe mini ƙofa ɗaya ruf. Sai na buɗe zanen a gabansa. Na nuna masa inda ɗigon suke taruwa a sama, na nuna masa iyakar da idan aka daɗe a samanta ciwo ba ya kamewa. Na ce masa kowace ciyayya buhun siminti ce, kuma ni da shi ba wanda ya san ko an riga an ɗora na uku. Na ce tunda ba zai ci nasa shi kaɗai a can ba, kuma ba za a faɗa ba, hanya ɗaya ta rage: kullum da azahar ya hau babur ya dawo gida ya ci a gabana. Ni ma zan riƙa barin jami'a in zo. Ya dubi Inna yana neman ta tsaya masa. Inna ba ta ɗago daga ƙafarsa ba.

"Malam, ni ce nake wanke ciwon nan," kawai ta ce.

Sannan Baba ya ce, "Na ji, Uwata. Ba a yi wa uwa gardama."

Abin da ya gaya wa abokansa shi ne iyali sun matsa ya riƙa cin abinci a gida. Da farko sun yi ta tsokanarsa, wai ko amarya ya yi a ɓoye. Bayan sati biyu tsokanar ta tsaya.

Lissafina kuwa ya yi kyau kamar waƙa. Ɗigon la'asar suka sauko ɗaya bayan ɗaya suka kwanta a kan layi. Baƙin da ke bakin ciwon ya ja baya, jan nama ya fito, kafin masara ta nuna rami ya fara cikewa. Likita ya daina maganar yanka. Dokta Dalyop ya ce abin da na samu ya isa a rubuta, domin ya nuna cewa lissafin yana iya bin jikin mutum guda, mai cin abincinmu, ba sai an aro awon mutanen wata ƙasa ba. Nakan fito daga ofishinsa ina ji kamar in yi tsalle. A gida kuma, kullum da azahar, Baba zai zauna a tabarma, in ajiye masa langa. Sai ya buɗe, ya tura ta tsakiyar tabarmar, inda ba kowa, sannan ya tuna ya jawo ta. Kuma daga gabansa kawai yake ci. Yakan bar ɗaya gefen tuwon a tsaye kamar katanga, bai taɓa ba. Na ɗauka ƙoshi ne, har na rubuta a littafi cewa yana cin rabi. Sai daga baya na gane rabon wani yake bari.

Akwai ranar da ba na so in rubuta, amma saboda ita na ɗauki alƙalami. Wajen ƙarshen damina na haɗu da Baba Gyang a bakin titin Katako, yana jiran mota, lema a hammata. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, amma bai tambaye ni lissafi ba. Har na juya sai ya kira ni.

"Farfesa. Ki gaida babanki. Ki ce masa hannuna a wanke yake, kamar kullum. Ban canza komai ba."

Na gane sarai abin da yake nufi: ya ɗauka Baba ya fara ƙyamar cin abinci da shi ne saboda addini. Maganar tana kan harshena, kalma uku ce kawai, ciwon suga ne. Na ji muryar Baba tana cewa ban yafe ba. Na ce, "To, Baba, zai ji." Motar ta zo ya shiga. Ban isar da saƙon ba, don na san zai sa Baba ya koma ciyayya washegari, kuma ciwon bai gama rufewa ba. Bayan wata guda Baba Gyang ya bar wa ɗan ƙaninsa rumfa ya koma ƙauye. Bai zo gidanmu sallama ba. Baba ya je kasuwa da safe ya tarar da buhun acca a jingine a ƙofar rumfarsa, ba takarda, ba saƙo. Ya ɗauro shi a babur ya kawo gida, ya ajiye a zaure, ya hana Inna ta buɗe. A makon ne Gwaggo Asabe ta zo, ta ga yayanta zaune shi kaɗai a gaban langa, ta fara faɗin maganar da kuka sani.

Sai da na kare aikina a gaban malamai, aka tafa mini, na dawo gida na ga buhun nan a zaure ƙura ta hau shi, sannan na yanke shawarar saɓa wa Baba. Ranar wata Laraba na ce zan je jami'a, na shiga motar Vom. Hanyar tana da kyau a wannan lokaci, ciyawa ta fara ja, shanu masu ƙiba suna kiwo a bayan shinge, gonaki kewaye da tsiron ƙyarana mai ƙaya. Daga Vom na hau babur zuwa ƙauyen. Na same shi zaune a kan dutse a ƙofar gida yana shan hantsi. Sai da na yi magana ya gane ni. Ban tsaya dogon gaisuwa ba, don na san idan na tsaya ba zan iya ba. Na gaya masa komai, ƙusar, likitan, littafin, rantsuwar Baba, da saƙonsa da na riƙe.

Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Na ɗauka kuka yake yi, ashe dariya ce, har hawaye na bin kumatunsa.

"Suga? Sabo? Kai, Yesu! Farfesa, ni shekara bakwai ina fama da shi!"

"Kai ma, Baba? To shinkafar da kake kawowa fa?"

"Haba, in kai wa abokaina na birni acca, abincin ƙauye? Na ce wa matata kullum ta dafa shinkafa, saboda mutunci. Ni kuma in ɗan tsakura in sha ruwa." Ya goge ido da bakin riga. "Da babanki ya fara zuwa da acca, na ce Allah ya ji addu'ata. Na ɗauka ya gane ne. Na ce Sabo ya lura da ni, yana kawo mini a ɓoye don kada ya kunyata ni a gaban mutane. Na je coci na yi godiya saboda shi. Sai rana ɗaya kwanon ya daina zuwa, shi ma ya daina zama. To me kike so in ɗauka?"

Ya ce bayan tafiyar langarmu ya koma cin abin da ke gabansa, don ba zai zauna yana kallon mutane ba. Ya ce idanunsa sun fara dishi-dishi, shi ya sa ya bar kasuwa, don ya daina bambance maɗaci da farin katako sai ya shafa. Ban sani ba ko watannin nan ne suka ci masa ido ko dama suna kan hanyar tafiya. Na san lissafin da ake yi wa irin wannan tambaya, kuma na san ba zai ba ni amsa a kan mutum ɗaya ba. Na daɗe da daina nema.

Da na dawo na tarar da Baba a gindin gwaba. Na durƙusa na ce na karya maganarsa, ya yi mini duk hukuncin da ya ga dama. Na ba shi labari tun daga farko. Fuskarsa ta ɗaure, ta saki, ta sake ɗaurewa.

"Shekara bakwai? Ja'irin tsoho! Shekara bakwai yana zaune kusa da ni yana ɓoye mini?"

"Kai ma ai ka ɓoye masa, Malam," in ji Inna daga madafa.

"Nawa daban ne." Ya murza hularsa a gwiwa. Can ya ce, "Tashi, Uwata. Na janye abin da na faɗa." Ya waiwayi Inna. "Ke kuma a buɗe buhun nan."

Ranar Asabar muka tafi mu biyu, langa a cinyata, cike da tuwon accar da Baba Gyang ya bari. Da suka haɗu ba wanda ya ambaci ciwo, ba wanda ya nemi gafara. Baba ya ce masa ya tsufa ya yi muni. Shi kuma ya ce gara da idonsa ya mutu kafin ya sake ganin fuskar Sabo. Aka kawo ruwa suka wanke hannu a ƙwarya ɗaya. Baba ya buɗe langa ya tura ta tsakiyar dutsen. Ina zaune nesa kaɗan tare da matan gidan, ina kallo kowannensu yana ci daga gabansa, har katangar da ke tsakiya ta faɗi. Na zo da na'urar gwaji a jaka. Ban fito da ita ba.

Sau huɗu muka yi wannan tafiya. Kafin accar baɗi ta nuna, Baba Gyang ya rasu. Ciyayyar Katako ba ta sake haɗuwa ba, sauran ukun ma kowa ya koma cin nasa a cikin rumfarsa. Baba ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, kuma da ƙafafunsa biyu aka kai shi makwanci. Kai Sadiƙu, a kan ƙafar daman nan ya riƙa yi maka doki kana ƙarami. Idan na tuna haka ba na iya cewa na yi kuskure da na dawo da shi gida. Inda nake tuhumar kaina shi ne bakin titin nan, lokacin da tsoho ya ce mini hannunsa a wanke yake, na ce to. Abin da na yi ranar Laraba a ƙauye, da na yi shi tun a ranar, da wataƙila sun sami 'yan watanni suna cin acca tare a kan falanki.

Yanzu aikin ya yi nisa. Ɗalibaina suna da 'yar na'urar da ake manna wa mutum a dantse tana karanta sugansa dare da rana, kwamfutarsu kuma tana warware cikin ƙiftawar ido abin da nake kwashe mako ina yi da fensir. Wasu suna bin yadda ƙari ke girma a jiki, wasu yadda zazzaɓin cizon sauro ke yawo a unguwa, wasu yadda zuciya ke rasa bugunta, duk da irin lissafin nan da ba ya tafiya a miƙe. Suna da kaifin kai fiye da ni. Amma duk wanda ya kawo mini zanen da ya ƙi zama a kan layi, kafin ya taɓa lissafin nakan tura shi gidan mutumin, ya je ya ga da wa yake cin abinci.

Langar tana saman kabad ɗin ɗakina, a bayan kofunan baƙi, murfinta ya ƙara ɓarewa. Nana, na ji kina cewa a ba masu sayen tsoffin ƙarafa. Kada ku bayar. Ku yi amfani da ita, ba ta yoyo. Sai dai tana da girma, tuwon da take ɗauka ya fi cikin mutum ɗaya. Idan kun zuba, ku leƙa waje ku kira wani.